Taku Uku Zuwa Hagu

Ni na ɗaura tsuntsun.
Haka muke kiran akwatin a wurin aiki,
don in fitila ta ba mai ƙafa hanya, kukan tsuntsu yake yi.
A Morioka ne, mahaɗar da ke gaban banki,
wata Talata, ƙanƙara har idon sawu.
Na hau tsani, na ɗaure ƙusa huɗu,
na duba takarda, takarda ta ce daidai.
Na sa hannu, na tafi neman miya mai zafi.

Kwana tara sai ga kira.
Kuramochi Setsuko, mai tausa,
shekara sittin da ɗaya,
rabonta da ganin rana tun tana budurwa.
Ba ta yi faɗa ba.
Cewa ta yi in zo in tsaya inda take tsayawa.

Na zo da takardata a hammata.
Ta ce, ajiye.
Ta ce, rufe ido, Nagumo, ni zan riƙe maka hannun riga.

Na rufe.
Garin da na haddace ya watse.
Taya na tsotsar ruwan ƙanƙara,
wata babbar mota na huci kusa da gwiwata,
sai tsuntsun ya yi kuka.
Ta ce, nuna min shi da yatsa.
Na nuna.
Ta ce, buɗe.
Yatsana na kallon tsakiyar titi,
inda motoci huɗu ke gaisawa.

Gilashin bankin ne ke cafe kukan
ya jefo shi ta gefe, kamar yaro mai tsokana.
Ga kuma akwati biyu a kan sanda guda,
na gabas da na arewa, baki da baki,
kowa na cewa taho,
ba mai cewa ta ina.

Ta ce, ranar Juma'a na bi shi.
Madubin wata mota ya taɓa min jaka.
Direban ya yi ta ba da haƙuri,
ni kuwa ban san wa zan ba wa laifi ba,
don kira aka yi, na amsa.

A gida ake cewa gani ya kori ji.
A bakin wannan titi ji ne mai gida,
ni da idona baƙi ne.

Mun wuni.
Ta buga sandarta a ƙasa, nan.
Taku uku zuwa hagu, daidai bakin farin zane,
inda ƙafa za ta sauka ta miƙe.
Ɗayan akwatin ya ƙaura sandarsa can nesa,
don kunne ya raba su ba da dogon tunani ba.
Na sunkuyar da bakinsa ƙasa, ya daina yi wa gilashi magana.
Na tsallaken ma na juyo shi ya fuskanci mai zuwa,
wannan ya kira, wancan ya amsa,
igiya ta miƙe tsakaninsu, ba a ganinta.

Ta saki rigata.
Taku goma sha tara na ƙirga,
ba ta karkace ko da faɗin tafin hannu ba.
Ba ta waiwayo ba. Me za ta waiwaya?
Ta ɗaga sanda sama kaɗan, ta shige lungu.

Saura magana ɗaya.
Mai gidan saman kantin magani ya kai ƙara,
wai kukan na hana jaririnsa barci,
shi ma gaskiyarsa ce.
Aka ce ƙarfe takwas tsuntsu ya yi shiru.
Setsuko kuwa tara take sallamar na ƙarshe.

Na rubuta wa ofis sau biyu.
Yanzu in tara ta buga ina cin tuwon shinkafata,
sai in ji na daina tauna,
ina sauraron wata mahaɗa da ba ta cewa komai.